Akta Ba Ya Mutuwa: Dokokin Fim ɗin Leƙen Asiri



Zan ba ku labarin wani fim, ku kuma ku faɗa mini sunansa. Ana buɗewa sai ga wani mutum cikin kwat yana sheƙa gudu a kan rufin gidaje a wata ƙasa mai nisa, ana ta harbinsa ba a samu. Ya sha da ƙyar. Kiɗa ya tashi, sunaye suka gilma. Sai ofis: maigidansa ya turo masa fayil a kan tebur, ya ce an sace wani abu, in ba a ƙwato shi ba duniya za ta kama da wuta. Ya biya ta wurin wani dattijo mai ƙere-ƙere, aka ba shi agogo da alƙalami da mota, aka haɗa shi da Allah ya dawo da su lafiya. Ya hau jirgi. Ya gamu da wata kyakkyawa wadda ba a san inda ta sa gaba ba. Ya zauna tebur ɗaya da mugun, ana murmushi, alhali kowa ya san kowa. Can sai aka kama shi aka ɗaure. Mugu ya tsaya ya zayyana masa shirinsa kaf, sannan ya fice ya bar shi da yara biyu. Ya kwance kansa. Agogon bam yana ƙirge, saura ƙiris, aka tsayar. Maɓoyar mugu ta tashi da wuta.

To, wane fim ne? Wani zai ce na James Bond ne. Wani zai ce a'a, na Tom Cruise ne. Wani kuma zai rantse na Salman Khan ne, waƙar kawai na tsallake. Kowa ya ci.

Yaran gidan kallo sun daɗe da gano wannan. Tun kafin su iya karanta sunan fim sun san akwai akta, akwai bos, akwai yaran bos, akwai ƙaramin bos mai ƙirar samudawa wanda sai an gama da shi ake isa wurin babban. Sun kuma san dokar da ta fi kowace: akta ba ya mutuwa. Amma duk da haka, daga Dr. No na 1962 zuwa No Time to Die na 2021, kamfanin Eon ya yi fim 25 na James Bond, da 'yan wasa shida, kuma mutane ba su fasa biyan kuɗi su shiga ba. Skyfall kaɗai, a 2012, ya tara sama da dala biliyan ɗaya.

A 1965 wani malami ɗan Italiya, Umberto Eco, ya zauna ya tsefe littattafan Ian Fleming, mahaliccin Bond a takarda. Ya ce labarin taku tara ne kawai: a ba Bond aiki, mugu ya bayyana, a yi karon farko, mace ta shigo, Bond ya shawo kanta, mugu ya kama shi, ya azabtar da shi, Bond ya yi nasara, ya huta da macen sannan ya rasa ta. Ana iya sauya jerin, ana iya maimaita wani takun, amma kayan aikin ke nan. Kuma Eco bai ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Ya ce ainihin daɗin a nan yake.

Ni ma haka na gani. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, babu yaron da ke cewa shi ya gaji da Gizo, kullum sai ya yi ha'inci. Ha'incin ne ya zaunar da shi. Abin da yake jira ya ji shi ne yau da wace dabara, kuma wa za a yi wa. Mai kallon fim ɗin leƙen asiri ba ya tambayar ko akta zai tsira. Ta yaya zai tsira, wannan ita ce tambayarsa.

Ɗauki abin da ake rigima a kansa. Dole a sami wani abu da kowa ke nema: wasiƙa, ko na'ura, ko faifai, ko jaka. Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila, shi ya yayata sunan MacGuffin ga irin wannan abu, kuma a wurinsa mutanen cikin fim su kashe juna a kai, mai kallo kuwa ko oho. A From Russia with Love na 1963, na'urar warware saƙonnin sirri ce ta Rasha. A Mission: Impossible na 1996, jerin sunayen jami'an da ke aiki a ɓoye ne. Bayan shekara 16 Skyfall ya sake ɗauko jerin sunayen, babu wanda ya yi ƙorafi. A Ronin na 1998 an yi ta mutuwa a kan wata jaka wadda har aka tashi ba a nuna abin da ke ciki ba. Aikin abin ɗaya ne, ya sa mutane gudu daga wannan gari zuwa wancan.

Amma inda na fi so mu ɗan zauna shi ne jawabin bos, domin nan ne mai kallo kan buga cinya ya ce, kai wannan wane irin sakarai ne, ka harbe shi mana!

Goldfinger na 1964 shi ne uban wannan darasi. An ɗaure Bond a kan tebur, hasken lesa yana yanka ƙarfe yana matsowa tsakanin ƙafafunsa. A littafin Fleming zarto ne mai juyawa, masu fim suka sauya shi da lesa, wadda a lokacin shekararta huɗu kacal da ƙirƙirowa. Bond ya tambaya ko so ake ya yi magana, mugun ya ce masa a'a, mutuwa ake so ya yi, ya juya zai tafi. Nan dai bos ya yi hankali. Sai Bond ya ambaci sunan shirin mugun na sirri, wanda ya tsinta a bakin wani, Goldfinger ya ji tsoron ko an san fiye da haka, ya sa aka kashe wutar. To, daga nan hankali ya gudu. Goldfinger ya tara manyan 'yan daban Amurka a gonar dawakinsa da ke Kentucky, ya danna maɓalli, daɓen ɗaki ya buɗe, sai ga Fort Knox, ma'ajiyar zinaren Amurka, an ƙera ta 'yar ƙarama da hanyoyinta da barikinta. Ya yi musu bayani dalla-dalla. Da ya gama, sai ya sa aka rufe ƙofofi aka sakar musu iskar guba, suka mutu gaba ɗaya. Malam, in kashe su za ka yi, wahalar ƙera taswirar ta mece ce?

Amsar ita ce ba da su yake magana ba. Da mu yake. Bond yana laɓe a ƙarƙashin taswirar yana ji, mu kuma muna kan benci muna ji. Littafi yana iya shiga zuciyar mutum ya gaya maka abin da yake saƙawa, fim kuwa sai an faɗa da baki ko an nuna. In ba a gaya mana shirin ba, ba za mu san abin da za mu ji wa tsoro ba. Saboda haka aka ɗora wa bos ciwon son a yaba masa, ya zama ba zai iya kashe abokin gabarsa ba sai ya tabbatar an ga iya wayonsa. Da haka buƙatar mai shirya fim ta rikiɗe ta zama halin ɗan wasa. Wannan gwaninta ce, ko da tana ba da dariya.

Kuma a wannan fim ɗin ne agogon bam ya tsaya a kan lamba 007. Abin da mutane ke mantawa, ba Bond ne ya tsayar da shi ba. Yana tsaye yana lalube cikin wayoyi, gumi ya rufe shi, har wani masani ya iso ya miƙa hannu ya kashe makunni ɗaya. Sojojin da suka kawo ɗauki ma, matuƙiyar jirgin Goldfinger ce ta tsegunta musu. In aka bi diddigi, akta ya shafe kusan rabin fim a tsare, amma shi aka tafa wa.

(Kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan fina-finan leƙen asiri. Na ce maimaicin ba aibi ba ne. Sai dai abin da aka saba gani ba a yi masa tambaya, kuma abin da ba a yi wa tambaya, a cikinsa ake cusa saƙo. Don haka mu koma inda aka ƙera wannan ma'auni.

Ian Fleming ya yi aiki a sashen leƙen asiri na sojan ruwan Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma yawancin aikinsa a kan tebur ne, mataimaki ne ga shugaban sashen, John Godfrey. Bayan yaƙi ya gina gida a Jamaika, wadda ke ƙarƙashin mulkin Ingila, ya sa masa suna Goldeneye, a can yake rubutu. Littafinsa na farko, Casino Royale, ya fito a 1953. A wannan shekarar mutumin Ingila da kati yake sayen nama, domin rabon abinci na zamanin yaƙi bai ƙare ba sai 1954. Ka ga mutumin da ake auna wa nama, an miƙa masa labarin wani ɗan ƙasarsu da ke cin abin da ya ga dama a manyan otal na Faransa, yana zuba kuɗin gwamnati a teburin caca.

Sai 1956. Gamal Abdel Nasser ya ƙwace mashigin Suez ya mayar da shi na Masar. Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka kai hari, Amurka ta daka musu tsawa, suka janye da kunya. Ranar duniya ta gane cewa zakin ya tsufa. Firaminista Anthony Eden ya kwanta ciwo, likitoci suka ce ya je ya huta. Ina ya tafi? Gidan Fleming, Goldeneye. Mutumin da daula ta suɓuce a hannunsa ya je jinya a ɗakin da ake rubuta mafarkin cewa ba ta suɓuce ba. Ya dawo, a watan Janairun 1957 ya ajiye mulki. A shekarar Ghana ta sami 'yanci, Najeriya ta biyo a 1960, Jamaika kanta a watan Agustan 1962. Bayan wata biyu, ranar 5 ga Oktoba, aka fara nuna Dr. No a Landan, kuma a cikinsa Jamaika tana nan yadda take, da gidan gwamna, da Turawa a kulob suna karta, da Bature ɗaya da ya sauka daga jirgi ya gyara komai. Amurka mai rokoki da dukiya, a fim ɗin ita ce ke cikin matsala, jami'inta Felix Leiter kuwa ɗan rakiya ne.

Ko wata huɗu ba a yi da wannan ba, a Janairun 1963, Kim Philby ya sulale daga Beirut ya ɓulla a Mosko. Wannan mutum ya taɓa shugabantar sashen da ke yaƙar leƙen asirin Sobiyet a cikin MI6, hukumar leƙen asirin Birtaniya, ya wakilci hukumar a Washington, ashe tun shekarun 1930 Rasha yake yi wa aiki. Abokansa biyu, Guy Burgess da Donald Maclean, sun riga shi gudu tun 1951. Hukumar da ake nunawa a majigi tana ceton duniya, a zahiri ɓera ya daɗe da yin gida a rumbunta.

Wanda ya rubuta wannan ɓangaren shi ne John le Carré, wanda ya yi aiki a MI5 da MI6 duka. Littafinsa The Spy Who Came in from the Cold ya fito a 1963, aka yi fim ɗinsa a 1965, kuma a can akta ya mutu, a gindin katangar Berlin, bayan ya gane cewa iyayen gidansa ne suka yi wasa da shi. Gwaninsa George Smiley gajere ne mai teɓa da tabarau, makaminsa fayil da haƙuri da iya sauraro. Aikin leƙen asiri na gaskiya ya fi kama da wannan: a nemo mai bashi, ko mai jin haushin ubangidansa, a lallaɓa shi shekara da shekaru har ya fara kawo takardu. Wanda ya shiga gari ya faɗi sunansa na gaskiya a otal, ya fasa motoci goma kafin azahar, ai ya gama tona kansa. A 2016 shugaban MI6 na lokacin, Alex Younger, ya fito fili ya ce Bond ba zai tsallake tantancewar ɗaukar aiki a wurinsu ba. Amma fa hukumar ba ta taɓa ƙin tallar da yake yi mata kyauta ba.

Yanzu mu dubi fuskar bos. Dr. No ruwa biyu ne, uba Bajamushe uwa 'yar Sin, hannayensa na ƙarfe. Blofeld na 1967 tabo ne ya ratsa idonsa. Jaws haƙoran ƙarfe. Le Chiffre yana hawayen jini. Silva na Skyfall guba ta cinye masa muƙamuƙi. Safin na 2021 fuska duk tabo. Dokar a bayyane take: bos baƙo ne, harshensa da gargada, jikinsa da tawaya, don a gane shi tun daga nesa. Sauƙi ne ga darakta, amma wanda wuta ta ƙona yana yaro, ko aka haife shi da wata alama, shi ke biyan kuɗin wannan sauƙin a makaranta da kasuwa. A 2018 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta sanar cewa ta daina ba da kuɗi ga fim ɗin da ya yi amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta. Bayan shekara uku Bond ya sake fitowa da nasa mai tabon.

Mata kuwa, lissafinsu ma a rubuce yake. Roald Dahl, wanda ya tsara labarin You Only Live Twice na 1967, ya ba da labarin cewa furodusoshi sun gindaya masa mata uku. Ta farko tana bayan Bond, a kashe ta da wuri. Ta biyu ta abokan gaba ce, ta faɗa tarkon sonsa, ita ma a kashe ta. Ta uku ita ke kai wa ƙarshe. Ran da aka yi kuskure Bond ya yi aure, a fim ɗin 1969, ko gida ba su kai ba aka harbe amaryar a mota, domin akta mai iyali ba zai tashi gobe ya tafi wata ƙasa ba. An sami sauyi daga baya, Judi Dench ta zama shugabarsa a 1995, Lashana Lynch ta riƙe lambar 007 a 2021, amma wadda ya so da gaske, Vesper, a 2006, sai da ta nutse a Venice.

Akwai wani mutum kuma da nake so ku riƙa nema a kowane irin wannan fim, domin ya fi kowa kama da mu. Shi ne ɗan gari. Akta ya sauka a ƙasar da bai sani ba, sai a haɗa shi da wani mai fara'a wanda ya san lunguna, ya san harshe, yana da mota ko kwalekwale. A Dr. No sunansa Quarrel, masunci baƙar fata. An nuna shi yana tsoron dodo, Bond har aikensa ya yi ya ɗauko masa takalmi, ƙarshe motar yaƙi mai feshin wuta ta babbake shi. A From Russia with Love, Kerim Bey ne na Istanbul, aka kashe shi a jirgin ƙasa. A Octopussy na 1983, Vijay ne na Indiya, shi ma bai kai ƙarshe ba. Aikinsa ya nuna hanya, ya ba da dariya, sannan ya mutu don ran akta ya ɓaci ya sami dalilin ramuwa. Minti biyu ake ba shi na jimami.

Bayan ɗan gari sai kasuwarsa. Ban san abin da kasuwa ta yi wa masu shirya waɗannan fina-finai ba. In dai an zo Afirka ko Asiya, to sai an bi ta cikinta da gudu. A Octopussy da a-daidaita-sahu aka ratsa Udaipur, Bond ya watsa kuɗi sama, talakawa suka rufu suna wawaso, suka tare wa masu binsa hanya. A Skyfall mota ta kwashe rumfunan 'yan kasuwa a Istanbul, aka hau babura a kan rufin babbar kasuwar birnin. Lemo ya watse, tukwane sun fashe, kyamara ta wuce. Ba a taɓa dawowa an nuna mai lemon yana tsince jarinsa daga kwata ba. A Casino Royale na 2006 Bond ya bi wani mai haɗa bam har cikin ofishin jakadancin wata ƙasar Afirka da aka ƙirƙiro, ya harbe shi, ya tayar da wurin da wuta, hukuncinsa bai wuce faɗa daga shugabarsa ba. Juya abin, ka ce jami'in wata ƙasar Afirka ne ya yi haka a tsakiyar Landan, ka ga ko za a kira shi akta. Abin ƙarin haushi, Madagaskar ɗin da aka nuna a fim ɗin, a tsibiran Bahamas aka ɗauke ta, Yugandar kuma a wani daji kusa da Landan. Ba ƙasar ake buƙata ba, zafi da ƙura da cunkoso ake buƙata.

Ba ina cewa a daina kallo ba ne. Ni ma in tseren ya yi tsere, numfashina tsayawa yake. Cewa na yi a riƙa lura da wanda aka ba suna da wanda aka mayar kayan ado.

Wani abin sha'awa, ƙashin labarin ba ya sauyawa, amma bos yana sauyawa daidai da abin da masu fim da masu kallonsu ke tsoro. A littattafan farko abokin gaba Rasha ce kai tsaye. Daga 1961 Fleming ya kawo SPECTRE, ƙungiyar 'yan ta'adda marasa ƙasa, masu fim suka rungume ta, kuma a ganina ciniki ne: mugun da ba shi da tuta ba ya hana ka sayar da tikiti a ko'ina. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, sai aka rasa wanda za a nuna da yatsa a waje, aka juyo cikin gida. A GoldenEye na 1995 bos shi ne 006, abokin aikin Bond. A Mission: Impossible na 1996 maci amanar shi ne shugaban tawagar da kansa, Jim Phelps, wanda a shirin talabijin na shekarun 1960 shi ne gwanin. A The Bourne Identity na 2002 abin ya kai maƙura: akta ya farka bai san ko shi wane ne ba, masu farautarsa kuwa CIA ce, hukumar da ta horar da shi ta aike shi kashe wani tsohon shugaban Afirka. Wato sai da aka yi shekara talatin da ɗoriya kafin fim ɗin duka da harbi ya iso inda le Carré ya tsaya tun 1963.

Bourne ya girgiza gidan Bond. A wannan shekarar ta 2002 Bond yana yawo da motar da ke ɓacewa daga gani, ga kuma Bourne yana kare kansa da biro a wani ɗaki a Paris, faɗan yana kama da na gaske. Eon suka koma suka yi wanka, suka kawo Daniel Craig, aka rage na'urori, aka ƙara jini. Har sabon mai ƙere-ƙere a Skyfall ya miƙa wa Bond bindiga da 'yar rediyo kawai, ya yi masa ba'a kan alƙalami mai fashewa. Amma wannan ma ai biyan doka ne. Ba'ar ba ta da daɗi sai ga wanda ya san alƙalamin. Kuma kafin fim ɗin ya ƙare sai da aka buɗe gareji aka fito da tsohuwar Aston Martin irin ta 1964, da bindigoginta a gaba, 'yan kallo suka ɓarke da sowa.

Yau kusan babu fim ɗin leƙen asirin da hukuma ba ta juya wa jami'inta baya. Ethan Hunt na Tom Cruise a Mission: Impossible an kore shi, an nemi kama shi, an rushe hukumarsa, har ka rasa yaushe yake karɓar albashi. Masu kallo sun daina yarda da gwamnati, musamman bayan yaƙin Iraƙi na 2003 da tonon sililin Edward Snowden na 2013, to sai fim ya raba biyu: hukuma ruɓaɓɓiya ce, amma mutum ɗaya mai gaskiya zai gyara, in dai an ƙyale shi ya taka doka. Duba da kyau, tsohon saƙon ne ya sake riga. Majalisa da kotu da kwamitin bincike su ne masu ɓata lokaci. A Skyfall, ana tsakiyar tuhumar shugabar hukumar a gaban 'yan siyasa sai ga bos ya shigo da bindiga, kamar an aiko shi ya nuna cewa masu tambayar ne ba su san duniya ba.

Indiya ta ari ma'aunin tun da wuri. Jeetendra ya fito a Farz a 1967, Mithun Chakraborty ya yi Gunmaster G-9 a Surakksha na 1979. Na zamanin nan, waɗanda da yawanmu da fassarar Hausa muka kalla, kamfanin Yash Raj ne ya jera su: Ek Tha Tiger a 2012, War a 2019, Pathaan a 2023. Sun zuba nasu damuwar a ciki, wato Pakistan. Sai dai sun yi wani abu da Bond ba zai iya ba. Tiger jami'in RAW ta Indiya ne, Zoya jami'ar ISI ta Pakistan ce, suka so juna, suka gudu suka bar hukumomin biyu, suka yi aure har da ɗa, kuma ba a harbe amarya ba. Bos ɗin Pathaan kuwa, Jim, wanda John Abraham ya fito a matsayinsa, tsohon jami'i ne da gwamnatinsa ta ƙi biyan fansa har aka kashe masa iyali. Ɗan'uwan Silva ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma shugabarsa ce ta miƙa shi ga Sin a 1997 don ta karɓo wasu jami'ai shida. Dukansu biyu suna da gaskiya a ƙorafinsu, shi ya sa dole a sa su kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, don kada mai kallo ya koma bayansu.

Sai 2021, aka taɓa babbar dokar. A ƙarshen No Time to Die Bond ya tsaya a kan tsibiri, makamai masu linzami suka sauka a kansa. Jirgin ruwan yaƙin ƙasarsa ne ya harbo su, kuma makamin da ya shiga jininsa ya hana shi komawa ga 'yarsa da mahaifiyarta, asalinsa shirin sirri ne na maigidansa. Akta ya mutu, a hannun gida. Mutane suka fito suna share hawaye. Waɗanda suka yi haƙuri har sunaye suka gama wucewa kuwa, sai suka ga an rubuta cewa James Bond zai dawo.

Zai dawo, amma a hannun wasu. Kamfanin Amazon ya sayi MGM a 2022 kan kusan dala biliyan takwas da rabi, a watan Fabrairun 2025 kuma Barbara Broccoli da Michael G. Wilson, magadan gidan da ya riƙe Bond tun 1962, suka miƙa masa ragamar shirya fim ɗin. An ba Denis Villeneuve aikin darakta. Kowa yana ta cacar baki kan wanda zai sa kwat ɗin. Ni bos nake jira. A 1979 Hugo Drax attajiri ne mai ƙera kumbon sama jannati. A 1985 Max Zorin attajirin kayan kwamfuta ne. A 1997 Elliot Carver mai gidajen jarida da talabijin ne. A Spectre na 2015 makircin shi ne tattara bayanan mutanen duniya a wuri ɗaya. To, ga shi yanzu fim ɗin ya koma hannun kamfanin da ke ajiye bayanan miliyoyin mutane, wanda kuma mai kafa shi, Jeff Bezos, yana da kamfanin rokoki, yana da jarida. Marubucin da aka ba wannan aiki, sai ya yi ta waige kafin ya zaɓi mugunsa.